A Koya Wa Ɗalibi Yadda Ake Karatu Kafin A Tambaye Shi Abin Da Ya Karanta



Abin da za a tattauna a kansa yau abu ne wanda kowa ke zaton ya riga ya iya, watau yadda ɗalibin kwaleji ko jami'a zai rubuta abin da ya ji a lacca, da yadda zai yi karatun da zai zauna masa a ka har ranar da ake bukatarsa. Kowace shekara samari da 'yan mata suna shigowa manyan makarantu da takardun shaida masu kyau, amma kafin shekarar farko ta ƙare sai a tarar waɗansu da yawa daga cikinsu sun faɗi, waɗansu an ce su maimaita, waɗansu ma an sallame su. In an tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce lalaci. To, amma duk wanda ya taɓa zagaya ajujuwa da ɗakunan kwana da tsakar dare lokacin jarrabawa ya san wannan amsa ba ta isa ba. Zai ga yara sun duƙufa a kan littattafai har asuba, suna cin goro suna shan shayi don kada barci ya ɗauke su. Ƙoƙari kam akwai shi. Abin da ya ragu shi ne dabara, ita kuwa dabara koya ta ake yi, ba a haihuwar kowa da ita.

Wannan al'amari ya wuce ɗalibi shi kaɗai. Bayan kowane yaro da ke zaune a ɗakin lacca akwai uban da ya sayar da amfanin gona ko dabba, akwai uwar da ta tsuke bakin aljihunta, akwai kuma dukiyar jama'a da aka gina ɗakin da ita. A shekarar 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, sa'an nan a 1978 aka kafa hukumar JAMB don tsara shiga jami'o'i. Tun daga waɗannan shekaru yawan masu neman ilmi mai zurfi yake ta hauhawa, har ya zama malami ɗaya yana iya tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki guda. A irin wannan hali babu malamin da zai iya bin kowane ɗalibi ya duba abin da ya gane. Tilas ɗalibi ya zama mai iya tsayawa da ƙafafunsa, tilas kuma makaranta ta nuna masa yadda ake tsayuwar.

Bambancin Sakandare Da Kwaleji

A makarantar sakandare, galibi malami ne ke shirya bayanin darasi, ya rubuta a allo, yara su kwafa. Shi ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci, shi ya jera shi, shi ya taƙaita shi. Aikin yaro kawai ya motsa alƙalami. Shekara shida yana cikin wannan hali, har ya saba. Ranar da ya shiga ɗakin lacca sai ya tarar da wani abu dabam. Malami zai yi magana ta sa'a ɗaya ko biyu, ya kawo misali, ya kauce, ya komo, ya tattara takardunsa ya fita. Zaɓe da jerawa da taƙaitawa duk sun koma wuyan ɗalibi, alhali ba wanda ya gaya masa cewa an ɗora masa wannan kaya.

Sa'an nan ga bambancin sauri tsakanin baki da hannu. Mai magana yakan furta kalmomi fiye da 100 a cikin minti ɗaya, shi kuwa mai rubutu da hannu da wuya ya wuce 30. Daɗin daɗawa, yawancin laccoci a ƙasar nan da Turanci ake yin su, harshen da ba da shi ɗalibi ya tashi a gida ba. Saboda haka wanda ya ce sai ya rubuta kome da kome ya ɗauko aikin da ba shi yiwuwa. Yana cikin kokawa da jimlar farko malami ya kai ta huɗu. Zai fita da shafi biyar cike da guntayen maganganu, ba tare da ya saurari ko ɗaya da hankalinsa ba.

Akwai kuma wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya naɗe hannu, ya dogara ga aron littafin abokinsa, ko kuwa ya ɗauki hoton allo da wayarsa ya ce zai duba daga baya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da wani ya rubuta ya rubuta shi ne daidai da abin da shi ya sani da abin da bai sani ba, hoton da ke cikin waya kuwa bai ratsa ta kan mai ita ba. Na uku shi ne ɗalibin da yake saurare, ya auna, ya zaɓi ƙashin bayan magana, ya rubuta shi da kalmominsa. Wannan na uku shi ake so kowane ɗalibi ya zama.

Game da masu rubutu da kwamfuta, a 2014 waɗansu masana biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun buga sakamakon wani bincike wanda ya nuna masu buga lacca a kwamfuta sun fi kwafar maganar malami kalma da kalma, masu rubutu da hannu kuwa sun fi su amsa tambayoyin da ke bukatar fahimta. Waɗanda suka sake gwajin daga baya ba su sami bambanci mai ƙarfi haka a sakamakon jarrabawa ba. Darasin da za a ɗauka shi ne, ko da alƙalami ko da na'ura, kwafa ba tare da tunani ba ita ce cutar.

Yadda Mantuwa Take Aiki

Kafin a yi maganar magani ya kamata a san ciwon. A shekarar 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga littafi a kan tunawa da mantuwa. Da kansa ya yi gwajin. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya bari wani lokaci ya wuce, sa'an nan ya auna wahalar da zai sha kafin ya sake haddace su. Ya tarar bayan minti 20 kacal, kamar kashi 58 cikin 100 na aikin farko ne ke da sauran amfani. Bayan sa'a ɗaya ya koma kashi 44, bayan kwana ɗaya wajen kashi 34, bayan wata ɗaya kuwa kashi 21.

Abubuwa biyu ne za a lura da su a nan. Na farko, mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta rage sauri. Watau ɗalibin da ya rufe littafinsa bayan laccar Litinin, bai sake buɗe shi ba sai mako biyu kafin jarrabawa, ya riga ya yi babbar hasarar tun kafin Talata ta ƙare. Na biyu, abin da Ebbinghaus ya haddace ba shi da ma'ana, shi ya sa ya zube da sauri haka. Abin da mutum ya fahimta, ya haɗa shi da wani abin da ya sani a da, ya fi daɗewa. Daga nan ake gane cewa kowace dabarar karatu mai kyau tana tsaye ne a kan fahimta tun farko da kuma komawa kan darasi da wuri.

Tsarin Shafi Mai Kashi Uku

Daga cikin hanyoyin rubutun lacca da aka gwada, wadda ta fi shahara ita ce wadda Farfesa Walter Pauk ya tsara a Jami'ar Cornell ta ƙasar Amurka cikin shekarun 1950, ya kuma bayyana ta a littafinsa na koyar da karatu a kwaleji wanda ya fara fitowa a 1962. Ba ta bukatar kome sai littafin rubutu da alƙalami da abin ja layi.

Kafin a shiga lacca ɗalibi zai ja layi daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu na shafi, ya bar fili mai faɗin kamar inci 2 da rabi. Zai kuma ja wani layi a kwance kusa da ƙasan shafin, ya bar kamar inci 2. Shafi ya kasu uku ke nan: babban fili a dama, siririn fili a hagu, da ɗan fili a ƙasa. A can sama ya rubuta kwanan wata da sunan darasi da kan magana.

Lokacin lacca, a filin dama kaɗai zai yi rubutu. Ba cikakkun jimloli ake so ba, kanun magana ake so, da dalilai, da sunaye, da shekaru, da misali guda wanda zai tuna masa da bayanin. Ya gajarta kalmomin da ke yawan dawowa, ya riƙe gajartawar tasa ba canji. Ya bar fili tsakanin wannan batu da wancan. In wani abu ya kuɓuce masa, ya bar gurbi ya sa alamar tambaya, ya ci gaba da saurare, kada ya tsaya yana leƙen littafin maƙwabcinsa har waɗansu abubuwa uku su wuce shi. Ya kuma kasa kunne ga alamun da malami ke bayarwa. Duk inda malami ya ce dalilai uku ne, ko ya maimaita magana, ko ya sassauta murya, ko ya juya ya rubuta kalma a allo, to, nan ne wurin da alƙalami zai yi aiki.

Babban aikin yana zuwa ne bayan an tashi. A ranar nan, kafin ya kwanta, ɗalibi zai koma kan abin da ya rubuta, ya cike gurabe tun maganar tana ɗanya, sa'an nan a filin hagu ya rubuta tambayoyin da bayanin dama yake amsawa. A filin ƙasa kuwa ya taƙaita shafin duka cikin jimla biyu ko uku da kalmominsa. In ya kasa taƙaitawa, to, ya gano tun da wuri cewa bai gane ba, gobe sai ya nemi malami ko abokin karatu. Matambayi ba ya ɓata.

Ga misali. A ce laccar tarihi ce a kan haɗe Arewa da Kudancin Nijeriya. A filin dama ɗalibi zai iya rubuta: 1 ga Janairu 1914, Lugga, Gwamna Janar, Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin mulkinta, tana karɓar tallafi daga Ingila, Kudu tana da kuɗin fito daga tashoshin jiragen ruwa, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Da dare, a filin hagu, sai ya rubuta: Yaushe aka haɗe, wa ya haɗe? Wane dalilin kuɗi ya sa Ingila ta so haɗewar? Mene ne matsayin hanyar jirgi a ciki? A ƙasa kuma ya ce, haɗewar 1914 ta fi alaƙa da sauƙin mulki da tattalin kuɗin Turawa fiye da bukatar mutanen ƙasa. Babu laifi in ya rubuta tambayoyin ko taƙaitawar da Hausa ko wani harshen da ya fi ji, domin wanda ya iya juya bayani zuwa harshensa ya nuna ya kama ma'anarsa. Sai dai kalmomin fanni, waɗanda za a nema a jarrabawa, ya bar su yadda malami ya faɗe su.

Daga nan sai ya ɗauki takarda ya rufe filin dama, ya karanta tambayar hagu, ya amsa da ka, a fili ko a rubuce, sa'an nan ya buɗe ya duba. Wannan mataki shi ne dalilin da ya sa aka ja layin tun farko. Wanda ya ja layuka masu kyau bai taɓa rufe dama ya tambayi kansa ba, ya yi ado ne kawai.

Maimaita Karatu Da Tambayar Kai

Yawancin ɗalibai in sun ce suna karatu, abin da suke nufi shi ne suna bin shafi da ido sau biyu ko sau uku, suna ja wa layuka alama da biro mai launi. Wannan hanya tana da daɗi, domin a karo na uku kome yakan zama sananne, sai zuciya ta ce an iya. Amma sanin fuskar mutum dabam, iya kiran sunansa in ba ya nan dabam. A ɗakin jarrabawa ba za a nuna wa ɗalibi shafin a ce ko ya taɓa ganinsa ba, farar takarda za a ba shi.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis sun gwada wannan a kan ɗalibai. Sun ba su ɗan gajeren bayani su karanta. Waɗansu aka sa su yi ta maimaita karatunsa a zama huɗu. Waɗansu kuwa zama ɗaya suka karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka jarraba su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Amma bayan mako ɗaya sai labari ya sha bamban: masu tambayar kai sun tuna kamar kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuwa kashi 40. Abin ban tausayi shi ne, masu maimaitawar su ne suka fi amincewa cewa za su tuna.

A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka tattara bincike-bincike a kan dabarun karatu guda 10 da ɗalibai ke amfani da su. Biyu ne kawai suka sami shaidar cewa suna da babban amfani, watau gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki maimakon tara shi a zama ɗaya. Maimaita karatu da ja wa layuka alama, waɗanda su ne ɗalibai suka fi so, suna cikin masu ƙarancin amfani.

Abin Da Zaure Ya Riga Ya Sani

Ɗalibin da ya bi ta makarantar allo bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Almajiri yakan rubuta karatunsa da hannunsa, ya yi ta bita, sa'an nan ya je ya biya wa malam. Ba a ba shi izinin wanke allo ya ɗauki ƙari sai malam ya gamsu ya riƙe na baya. Bayan haka kuma akwai tilawa, inda ake komawa kan abin da aka wuce don kada ya kuɓuce. Malaman zaure kuwa, duk wanda ya duba tsofaffin littattafansu zai ga gefen shafi cike da ƙananan bayanai, waɗansu da Larabci, waɗansu da ajamin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci.

Har ma akwai littafin Ta'alimul Muta'allim na Shaihu Zarnuji, wanda aka wallafa wajen shekara 800 da suka wuce, ake kuma karanta shi a zaurukan ƙasar nan. Ya shawarci ɗalibi ya riƙa bitar darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, yana ragewa haka har zuwa sau ɗaya. Ya kuma gargaɗe shi kada ya rubuta abin da bai fahimta ba. Rarraba bita ke nan, ɗaruruwan shekaru kafin masana su auna shi da lissafi. Sai dai a lura da bambanci guda. Alƙur'ani ana haddace shi harafi da harafi domin haka ya wajaba. Laccar tattalin arziki ko ta kimiyya kuwa ma'anarta ake nema. Abin da ɗalibin kwaleji zai ɗauko daga zaure shi ne biyawa da tilawa, ya haɗa su da fahimta.

Karatun Littafi Da Tsarin Lokaci

Lacca ba ta wadatarwa, dole a shiga laburare. A nan ma akwai hanya. Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ya bayyana matakai biyar a littafinsa na 1946. Da farko ɗalibi ya zagaya babin da ido, ya duba kanun magana da zane-zane da taƙaitawar ƙarshe, kamar manomin da ke zagaya gona kafin ya sa fartanya. Na biyu, ya mai da kowane kan magana tambaya. Na uku, ya karanta yana neman amsar. Na huɗu, ya rufe littafin ya faɗi amsar da kalmominsa. Na biyar, ya komo bita bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya bi wannan zai ga shafi 10 da ya karanta haka sun fi masa amfani bisa shafi 40 da ya bi da ido yana gyangyaɗi.

Game da lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'a shida da aka raba a kan kwana shida ta fi sa'a shida a dare ɗaya, ko da yake lissafin ɗaya ne. Ya kamata kowane ɗalibi ya ware minti 15 ko 20 kowace rana don gyara rubutun laccocin ranar, ya ware sa'a ɗaya ko biyu a ƙarshen mako don amsa tambayoyin gefen hagu na makon duka, sa'an nan sau ɗaya a wata ya koma tun daga farkon zango. Wanda ya yi haka, makon jarrabawa zai zame masa makon bita, ba makon fara karatu ba. Karatun ƙungiya yana da amfani in mutum uku ko huɗu ne, kowa ya zo da tambayoyinsa ana yi wa juna. In ya zama mutum ɗaya ke bayani saura suna gyaɗa kai, to, mai bayanin kaɗai ke ƙaruwa. Wayar hannu kuma a kashe ta ko a ajiye ta nesa, domin hankalin da ake katsewa kowane minti biyar ba ya riƙe kome.

Barci ma yana cikin karatu. Tun a 1924 waɗansu masana biyu, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan ya koyi abu ya fi tuna shi bisa wanda ya yi sa'o'in nan a farke, binciken da ya biyo baya kuma ya ƙarfafa wannan. Ɗalibin da ya kwana bai runtsa ba daren jarrabawa ya cuci kansa sau biyu: abin da ya karanta bai zauna ba, ga shi kuma zai shiga ɗaki da kai mai nauyi.

Nauyin Da Ke Kan Malamai Da Hukuma

Duk abin da aka faɗa ba zai yi tasiri ba in an bar shi a matsayin nasihar rana ɗaya. Gaskiya ne jami'o'i da kwalejoji da yawa suna da darasin amfani da laburare da dabarun karatu a cikin darussan gama-gari na shekarar farko. Amma sau da yawa shi kansa wannan darasi yakan zama abin haddacewa, ɗalibi ya jera matakai biyar na Robinson a takardar jarrabawa ya ci maki, alhali bai taɓa gwada su ko sau ɗaya ba. Ba a koyon tuƙi da jin labarin mota. Dabarar karatu ana koyonta ne a cikin darasin da ɗalibi yake fama da shi, ko lissafi ne ko shari'a ko aikin gona.

Saboda haka akwai abubuwan da kowane malami zai iya yi ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. Ya fara lacca da rubuta kanun maganarsa uku ko huɗu a allo, don ɗalibai su san inda aka dosa. Ya riƙa tsayawa na minti biyu bayan kowane babban batu, ya bar su su gyara rubutunsu su kwatanta da na kusa da su. A makonnin farko ya karɓi littattafan waɗansu ɗalibai ya duba, ya nuna wa aji abin da ya dace a rubuta da abin da za a bari, har ma ya nuna musu yadda shi kansa zai rubuta wannan lacca in da shi ne a zaune. Ya buɗe kowace lacca da tambayoyi uku ko huɗu a kan ta makon jiya, kowa ya amsa a takardarsa ba tare da buɗe littafi ba. Malamin da ke raba cikakken rubutun laccarsa, balle mai sayar da shi, ya sani yana mai da ɗalibansa 'yan sakandare ne. Ya fi kyau ya ba su ƙwarangwal su cike naman da kansu.

Hukumar makaranta kuwa, wajibinta ne ta tabbata laburare yana buɗe har dare, da wuta da kujeru, ta ajiye tambayoyin jarrabawar shekarun baya inda kowa zai same su, ta kuma horar da sababbin malamai a kan yadda ake gabatar da lacca. Ɗaliban kwalejojin horon malamai sun fi kowa bukatar wannan, domin abin da suka koya shi za su kai wa dubban yara a ƙauyuka da birane.

Akwai kuma maganar satar amsa. Ƙasar nan ta ga yadda tambayoyin jarrabawar kammala sakandare suka fita kafin lokaci a 1977, har aka kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga masu maguɗin jarrabawa, a 1999 kuma aka sake yin wata doka a kan wannan laifi. Duk da haka matsalar ba ta gushe ba. Hukunci yana da muhallinsa, ba kuma wanda zai wanke mai laifi. Amma da yawa daga cikin masu shiga ɗakin jarrabawa da guntun takarda a aljihu yara ne waɗanda suka kwana uku suna karatu, suka wayi gari suka tarar kansu wayam, tsoro ya kama su. Ɗalibin da ya riga ya tambayi kansa sau biyar ya amsa daidai ba shi da bukatar guntun takarda. Kuma likita ko injiniya ko malamin da ya fita da takardar shaida ba tare da ilmin ba, jama'ar da ta biya kuɗin karatunsa ita za ta ɗanɗana kuɗarsa.

A ƙarshe, abin da ake roƙon kowane ɗalibi da ke wannan ɗaki kaɗan ne. Ya zaɓi darasi ɗaya, wanda ya fi ba shi wuya, ya ja layukan nan biyu a littafinsa tun daga laccar gobe, ya rubuta tambayoyinsa kafin ya kwanta, ya rufe dama ya amsa, ya riƙe wannan na mako huɗu, sa'an nan ya kwatanta da sauran darussansa. Da farko zai ji abin yana da nauyi, yana cin lokaci, domin tambayar kai tana tona wa mutum abin da bai sani ba. Gara ta tona masa a ɗakinsa da sauran wata biyu a gaba, da ta tona masa gaban mai tsaron jarrabawa. Malamai kuma ana roƙonsu su ba da minti goma na kowace lacca ga wannan aiki.

Allah ya ba ɗalibai basira da juriya, ya saka wa iyaye da malamai da alheri, ya sa ilmin da ake nema ya amfani ƙasa da jama'arta.